Zuba mai a maganin ciyawar masara, gaskiya ne ko dabarar masu shago ce?

Ɗan Suki: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da damina. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan abin. Masarata ta bakin kogi yanzu tana ganye huɗu zuwa biyar, ciyawa kuma ta taso ta sha kanta, adar ne, wato dawar daji, da harkiya da wannan mai yaɗon da larabawa ke ce wa tabar. Kuɗin masu kadib, wato masu noman ciyawa da hannu, bana ba a magana, shi ne na je garin Sinja nan Sudan sayen magani mai shago ya ba ni atirazin ya kuma ɗauko wata 'yar jarka ya ce mai ne, wai in na zuba a ciki zan iya rage maganin zuwa rabi kuma aikin ya fi kyau. Ban saya ba na ce bari in ji ta bakinku tukuna

Abu Hawwa Gadarif: wa alaikumus salam. Kar ka ɓata kuɗinka ɗan uwa, mu nan gas, wato man dizal, muke zubawa, kofin shayi ɗaya a injin goyo da ɗan omo, kafin la'asar ka ga ciyawa ta kwanta

Kawu Na Dindir: Ikon Allah. Gas ɗin da ake layi a kansa shi za a zuba wa gona. Mu dai da muka tashi a Mai Wurno fartanya muka sani, yaro ya yi noman fari ya yi maimai masara ta fito lafiya lau, yanzu kowa ya zama likita

Ɗan Suki: Kawu Allah ya ja kwana, ai yaran ne babu, wasu suna wajen zinari wasu sun tsallaka Saudiyya, ni kaɗai ne da ƙanena

Bashmuhandis: Salamu alaikum. Ɗan Suki ka yi dabara da ka tambaya. Maganar mai shagon rabinta gaskiya ne, sauran rabin kuma zai iya ja maka asarar kuɗi da ta lokaci.

Ganyen ciyawa yana da wani kakin da Allah ya lulluɓe shi da shi don kar ruwan jikinsa ya ƙone, shi ya sa in ka fesa ruwa zalla sai ka ga ya dunƙule ya gangara kamar a ganyen gwaza. Man da ake sayarwa don feshi aikinsa ya sa ɗigon ya baje a kan ganye, ya jinkirta bushewa, ya kuma tausasa kakin nan maganin ya samu hanyar shiga. Shi kansa man ba ya kashe ciyawa. Kuma iri biyu ne ake yawan samu, akwai wanda aka tace daga man fetur, za ka ga an rubuta COC a jiki, kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari mai ne sauran kuma sinadarin da ke sa mai ya gauraya da ruwa ya koma fari. Akwai kuma MSO, wannan daga man waken soya ko makamancinsa ake yinsa bayan an sarrafa shi, ya fi na farkon ratsa ganye musamman in ciyawa ta sha fari ta yi tauri. Ma'aunin da aka fi rubutawa kashi 1 cikin ɗari ne na ruwan feshi, ya'ani lita 2 a barmil mai lita 200, ko mili 160 a injin goyo mai lita 16.

To amma ga inda matsalarka take. Ka ce adar ne ya dame ka. Adar ɗan uwan dawa ne, dawar daji ce, atirazin kuwa a gonar dawa ma ana fesa shi saboda dawa tana jure shi. Ko jarkar man gaba ɗaya ka juye a ciki adar ba zai mutu ba. Atirazin ɗin zai kashe maka masu faɗin ganye in suna ƙanana, harkiya ma sai in ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba.

Ɗan Suki: Innalillahi, kuma wallahi na faɗa masa adar ne

Mai Shago: Bashmuhandis a yi mana adalci, ba duk masu shago ne haka ba. Ni ma ina sayar da man nan kuma ina faɗa wa mutane gaskiya. Amma ku sani manomi zai zo maka da kuɗin faddan biyu, wato kusan eka biyu, yana son maganin faddan biyar, in ka ce masa ba zai isa ba sai ya wuce shagon gaba, to wani sai ya ce masa rage ka ƙara mai don dai ya yi ciniki. Tun da yaƙin nan ya fara a 2023 kaya ba sa zuwa yadda aka saba, daga Port Sudan zuwa nan kuɗin mota kawai ya isa ya sa ka kuka

Bashmuhandis: Alhaji ba da kai nake ba, na san halin da ake ciki. Amma rage magani rabi ba abin da za a ɗaure wa gindi ba ne. Wata rana zai yi, in ciyawa jarirai ce ƙasa da laima iska a kwance. Ranar da bai yi ba kuwa ka yi asarar maganin da man da kuɗin mai feshi, ciyawar ta yi rawaya sati guda ta farfaɗo lokacin masara ta wuce girman da za a sake fesawa. Sannan waɗanda suka tsira su ne masu taurin rai, su za su zuba iri. Ba sabon abu ba ne, atirazin ya shigo kasuwa a 1958, zuwa 1970 an riga an ba da rahoton ciyawar da ta daina jin magungunan danginsa a Amurka.

Abu Hawwa Gadarif: Duk wannan karatun masanan noma na garin Madani ne bashmuhandis. Ni abin da idona ya gani nake faɗa, gas da omo yana aiki, shekara nawa muna yi

Bashmuhandis: Abu Hawwa a gonar me kake yi, kuma da wane magani

Abu Hawwa Gadarif: dawa mana, da 2,4-D, wani lokaci kafin shuka in share fili

Bashmuhandis: To ka gani. Kafin shuka babu amfanin gona a wurin, duk abin da ya ƙone riba ce. Gas yana ƙona ganye da kansa, shi ya sa kake ganin ciyawa ta kwanta kafin la'asar, amma ganyen da ya ƙone ba ya tura magani zuwa saiwa, bayan kwana kaɗan ka duba gindin se'ida, wato aya-aya, da kiri-kiri za ka ga sun toho. Kuma gas ba ya zama a cikin ruwa, omo yana ɗan riƙe shi ne kawai, in mai feshi ya tsaya shan ruwa ya dawo ya riga ya taso sama, farkon tanki ruwa ƙarshen tanki gas zalla a kan masarar bawan Allah. Shi kuwa 2,4-D a kan masara ko da man feshi na gaskiya ne ba a son haɗa su. Masara tana jure shi ne don ba ya shigarta da yawa, in ka ƙara mai ka buɗe masa hanya, sai kara ya yi gautsi iska kaɗan ya karye, ganye ya nannaɗe ya ƙi buɗewa, saiwar nan ta sama da ke riƙe kara ta manne wuri guda ta lanƙwashe. Ko ba mai ma ba a fesa shi ta saman masara in ta wuce santimita 20.

Kawu Na Dindir: to ashe dai fartanyar ba ta karya kara

Na Wadi Dawasir: Salam 'yan uwa, ina biye da ku daga nan. Gonar da nake aiki masarar dabbobi muke yi a ƙarƙashin injin ban ruwa mai zagayawa, kuma man nan kullum muna amfani da shi, amma injiniyan gonar ba ya barin kowa ya taɓa tanki sai ya karanta takardar jikin kwalba. Abin da na lura a nan zafi shi ne babban abu, in rana ta take ba a feshi sam, da asuba muke fita ko bayan la'asar, don mai da zafin rana in suka haɗu ganyen masara tabo yake yi fari fari. Kuma ruwan rijiyoyin nan yana da gishiri da alli sosai, sai na ɗauka man ne zai gyara, ashe ba ruwansa da wannan, wani farin taki ake narkawa a ruwan tukuna kafin a zuba magani, salfat na amoniya, musamman in gilaifoset za a fesa, maganin nan da ba ya zaɓen tsiron da zai kashe

Bashmuhandis: Sahi, haka ne. Mai yana aiki a kan ganye, salfat ɗin yana aiki a cikin ruwa, kowa da nasa. Mu namu ciwon kan a damina ruwan kogi ne, daga Yuli zuwa Satumba ruwan da ke gangarowa daga Habasha laka ce zalla, lakar nan tana kama gilaifoset da farakwat ta kashe musu ƙarfi tun a cikin tanki, ta kuma toshe bakin feshi. A ɗebi ruwa tun dare a bar shi ya kwanta a barmil a tsiyaye na sama. Kuma tunda an ambaci gilaifoset, don Allah masu kallon bidiyo a YouTube suna ganin Amurkawa na fesa Roundup, wato gilaifoset ɗin, a kan masara tana tsaye, wannan irin nasu ne da aka canza wa halitta, tun 1998 suke da shi. Irin masarar Hudeiba 2 ɗinka ko irin da ka ajiye daga bara in ka yi mata haka ko kara ɗaya ba zai rage ba.

Ɗan Suki: To yanzu adar ɗin fa, me zan yi masa

Bashmuhandis: Nikosalfuron za ka nema, shi ne ke kashe adar da yawancin ciyawa mai siririn ganye a cikin masara ya bar masarar. A nan ne maganar mai take da muhimmanci, don haka ka duba haruffan da ke bayan sunan. In ka ga WG, gari ne mai tsaki-tsaki, wannan lalle yana son mai ko abin baza ruwa, in babu aikinsa rabi ne. In kuwa ka ga OD, to an riga an dama shi a cikin mai tun daga masana'anta, yawancin wanda ke zuwa mana a kwalba irinsa ne, kar ka ƙara komai sai in takardar ta ce a ƙara. Mutane da yawa suna sayen mai su zuba a kan mai su ƙona masara su ce maganin jabu ne.

Kuma ba ya gaggawa, ciyawa tana daina girma nan take amma sai ta yi sati biyu zuwa uku kafin ta ja ta bushe, kar ka ga kwana uku shiru ka maimaita. Yana son awa huɗu ba ruwan sama. Kar masara ta wuce santimita 50, shi kuma atirazin iyakarsa santimita 30.

Mai Shago: Wannan batun OD gaskiya ne, ni kaina in mutum ya sayi wannan ba na ba shi mai ko ya roƙa. Haka masu sayen Stomp ko Dual Gold na fesawa a ƙasa bayan shuka kafin tsiro, su ma wasu sai su ce a haɗa musu da mai, ina ce musu wane ganye za ka jiƙa, ƙasa ce fa, abin da take so laima

Abu Hawwa Gadarif: tsaya tukuna, ka ce yana kashe adar, to dawa fa

Bashmuhandis: Kashe ta yake har lahira. Shi ya sa wanda gonarsa ke jikin gonar dawa ya kula da iska, kuma injin da aka fesa shi da shi a wanke shi sosai kafin a shiga dawa da shi, har da tiyo da mataci, don mai yana sa magani ya manne a jikin roba.

Abu Hawwa Gadarif: to mu Gadarif a bar mu da namu, nan duk inda ka juya dawa ce da riɗi, wannan in ya shigo sai an kai ga kotu

Ummu Bashir Damazin: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo maganar maza. Ku kuna lissafin adar mu kuma muna lissafin miya. A gonakinmu na bildat, wato ƙananan gonakin damina na iyali, masara ba ita kaɗai ake shukawa ba, akwai wake a tsakani akwai kuɓewa akwai kabewa a gefe, ga lalo da ke fitowa da kansa muna tsinka mu ci mu kai kasuwa. Maƙwabcinmu ya fesa nasa bara da iska, kuɓewarmu ta layin iyaka duk ta murɗe. Kuma yaran da ake ba feshin nan da singileti suke yi ba takalmi, tanki na ɗiga a bayansu, su dawo su ajiye kayan a cikin wankin gida. Jarkar kuma a wanke a zuba ruwan sha ko man girki. Wannan man da kuke cewa yana ratsa ganye, fatar mutum fa

Bashmuhandis: Hajiya tambayarki ta fi ta kowa. Ruwan feshi mai mai a ciki ya fi manne wa fata kuma ya fi wuyar wankuwa, don haka riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba da safar hannu ba ado ba ne, a kuma wanke kayan daban da sabulu. Jarka a ɗauraye sau uku a juye ruwan a tanki sannan a huda ta. Gonar da ke da wake da kuɓewa a ciki kuwa babu maganar atirazin ko nikosalfuron, da mai ko ba mai duk za su tafi. Atirazin ma yana daɗewa a ƙasa, ƙasarmu ta laka baƙa ta Jazira da Sinnar tana riƙe shi fiye da wasu wurare, wanda zai bi masara da kayan lambu ko wake a rani ya yi tunani. Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2004 saboda ana samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, mu da muke sha daga tur'a, wato magudanar ruwan ban ruwa, da rijiyar bakin gona ya kamata mu fi su tsoro, kar a wanke inji a bakin ruwa.

Kawu Na Dindir: Allah ya yi miki albarka Hajiya. Abin da nake ta faɗa ke nan aka mai da ni tsohon yayi

Na Wadi Dawasir: Kawu ba a ƙi taka ba, amma faddan ɗari ba ya nomuwa da hannu, kowa da girman gonarsa

Kawu Na Dindir: shi mai tambayar faddan ɗari gare shi?

Ɗan Suki: hhhh Kawu biyar ne, kuma masara zalla ce ba wake. Wani ya ce min ko man gyaɗa ko na riɗi zai yi tunda an ce wancan ma daga waken soya ne

Bashmuhandis: Gwada da kanka, zuba cokali a kwalbar ruwa ka girgiza ka ajiye, kafin ka gama shan shayi ya taso sama. Babu sinadarin gaurayawa a ciki. Wannan gwajin kwalbar ma shi za ka yi wa duk man da aka sayar maka, na gaskiya da ya taɓa ruwa zai yi fari ya zauna haka. Kuma kafin ka haɗa magani biyu a barmil ka fara haɗa kaɗan a kwalba ka ga ko zai guntse. Wajen haɗawa ruwa rabin tanki tukuna, sai na gari ya narke sarai, sai na ruwa mai kauri, mai shi ne na ƙarshe sannan ka cika. In ka fara zuba mai garin zai dunƙule ya zama tuwo a gindin tanki.

Kowane magani da abin da yake so fa. Callisto a kan masarar da ta tsiro COC takardarsa ta ce, ta hana MSO don yana sa ganye ya yi fari, Laudis kuma MSO ɗin ya fi so. Shi ya sa ba na son jin an ce mai kawai.

Mai Shago: matsalar wasu kayan takardar da Sinanci ko Turanci take zuwa, manomi ko Larabcin ma da ƙyar

Bashmuhandis: Wanda ya bi ta hannun hukumar rajistar magunguna yana zuwa da bayanin Larabci. Wanda babu ku ɗauki hotonsa ku turo nan ko ku kai ofishin kare tsirrai mafi kusa, kar a yi ta kintace

Ɗan Suki: Jama'a na koma kasuwa na samu nikosalfuron, an rubuta 40 OD a jiki, man kuwa na bar masa abinsa. Gobe da safe in sha Allahu zan shiga, dama shekaranjiya na gama fesa maganin tsutsa

Bashmuhandis: Tsaya. Wane maganin tsutsa

Ɗan Suki: kiloropirifos, tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta fara

Bashmuhandis: Kar ka shiga gobe. Masara tana tsira daga nikosalfuron ne don jikinta yana narkar da shi da sauri, kiloropirifos da malatiyon da danginsu suna toshe wannan hanyar, sai maganin ciyawa ya kama masarar ita ma ta yi rawaya ta tsugune. A bar kwana 7 bayan maganin tsutsar kafin na ciyawa, in kuma na ciyawa aka fara a bar kwana 3, haɗa su a tanki ɗaya kuwa ko da wasa. Tun da tsutsar nan ta shigo Afirka a 2016 kowa feshin kwari yake yi, irin wannan karon ya yi yawa mutane ba su san dalili ba. Ka ƙirga daga shekaranjiya, masararka tana ganye biyar har yanzu kana da lokaci. Kuma in an yi kwanaki ana hadari da ruwa ka bari rana ta fito kwana ɗaya biyu, don a irin wannan lokacin kakin ganyen masarar ma sirara yake yi. Bakin feshi mai baza ruwa a faɗi za ka sa, ba mai zagaye na kwari ba.

Kawu Na Dindir: kafin kwana bakwai ɗin da kai da ƙanenka kun nome faddan biyu

Ɗan Suki: Kawu wallahi wajen iyakar maƙwabcina mai dawa da hannu zan yi, layi goma zan bari ba feshi, ka ga kai ma an ɗauki taka

Abu Hawwa Gadarif: ni dai har yanzu ban yarda gas ba ya aiki ba, amma zan bar layi biyu ba gas bana in gani

Bashmuhandis: Ka bar su a tsakiyar gona ba a gefe ba, ka duba bayan sati uku ba ranar ba, ka turo mana hoto

Ɗan Suki: wa ke da bakin feshi mai faɗin nan a wajen Suki ko Sinja, nawa duk na kwari ne

Mai Shago: akwai, ka biyo ranar kasuwa, ka zo da kan injin naka a gwada don zaren ba iri ɗaya ba ne